Amshi a Ajin Malama

Ajin Malama yana bene, a saman wani shagon tayoyi, tagoginsa suna fuskantar titi. Ɗalibanta manyan mata ne masu aiki da iyali, suna zuwa bayan la'asar don koyon nahawun Turanci. Tsarin makarantar tun kafuwarta shi ne amshi: malama ta faɗi jimla, aji ya maimaita baki ɗaya, ta juya ta zuwa abin da ya wuce ko tambaya, aji ya bi ta.

A cikin amshin nan muryar Ungozoma ce ke fita sama da ta kowa, kuma ba ta kuskure. Asibitin da take aiki ya koma hannun wasu baƙi, waɗanda suka ce duk wanda bai ci jarrabawar baka ta Turanci ba, a bakin aikinsa. Dama ɗaya tak aka ba ta.

Washegarin jarrabawar ta shigo a makare, ta zauna ba ta ko buɗe jaka ba.

"Yaya, ba labari?" in ji Tela, abokiyar zamanta a benci. "Ko Turancin ne ya cika bakin har Hausa ta rasa wurin zama?"

"Ƙyale ni, ƙanwata." Ta dubi Malama. "Matar da ke yi mana jarrabawar ta yi mini tambaya, wallahi na san amsar. Na buɗe baki ina jira in ji ku, sai na ji ɗakin tsit. Ban taɓa jin muryata ita kaɗai da Turanci ba. Ina ta jira har ta ce in tafi."

Malama ta ajiye alli, ta ambaci Allah a zuciyarta. Ta ce yau babu amshi, kowacce ta tashi ita kaɗai ta faɗi abin da ta yi da safe. Tela ta miƙe, ta gyara mayafi, ta dubi rufin ɗaki, ta koma ta zauna. Ta bayanta ma haka. Sai ƙarar bugun taya kawai ke hawowa daga ƙasa.

Can sai ga mai makarantar a bakin ƙofa, yana haki.

"Malama, lafiya? Na zaci rasuwa aka yi. Amshin nan masu wucewa ke ji su hawo neman gurbi. Ajin da ba a jin sa, wa zai kawo iyalinsa?"

"Ranka ya daɗe, ba sa iya magana su kaɗai."

"Su yi a gidajensu. Idan tsarinmu bai yi miki ba, akwai masu jiran kujerar."

Ya tsaya nan bai tafi ba. Malama ta tuna 'ya'yanta marayu, ta dubi allin da ta ajiye.

"Faɗi mu amsa, Malama," in ji Ungozoma a hankali. "Nawa aikin ya riga ya tafi, kada naki ya bi shi."

Malama ta ɗauki alli, ta faɗi jimla. Aji ya amsa har titi, muryar Ungozoma a sama da ta kowa, babu kuskure ko ɗaya.