Kyarkeci Mai Yagaggen Kunne

Perla tana tsakiyar jerin gwano, tana ɗaga wa yara hannu, sai ta lura babu kowa a kujerar Isay.

A cikin kan dila mutum ba ya gani sai ta 'yan tagogin raga biyu, abin da ke gabansa kawai. Dole ta juya jikinta gaba ɗaya. Ga Dolor, yayarta, a gindin ginshiƙi inda ta bar su, gorar ruwa a cinya, kai a sunkuye kan waya. A kujerar gefenta kuwa sai ledar biskit.

Zauren otal ɗin ya cika maƙil. Taron shekara ne na masu shigar dabbobi na Manila, waɗanda ake kira 'yan furi, kuma Perla tana cikinsu tun kafin ta yi aure. Bana ne ta fara zuwa da 'yarta Isay, bayan yarinyar ta ishe ta da naci har ta ɗinka mata kunnuwan mage da jela.

Da safe, a cikin motar haya, Dolor ta ce, “Ke dai ki yi haukanki da girmanki, ba mai hana ki. Amma yarinya 'yar shekara tara, cikin mutanen da ba a ganin fuskarsu?”

“Na san su duka, Yaya.”

“Kin san kawunansu dai.”

Perla ta fice daga layi. Zomon da ke bayanta ya yi karo da ita, ya yi kamar zai faɗi, 'yan kallo suka yi dariya, sun ɗauka cikin wasan ne. Ta riƙa juyawa a hankali tana bin zauren tsagi-tsagi: teburan masu sayar da zane, damisa tana rawa, wani yaro a kafaɗar ubansa. Gumi na shiga idonta, ba halin gogewa.

Can kusa da ƙofar gefe ta hango kunnuwan mage. Isay tana tafiya, hannunta cikin hannun wani kyarkeci ruwan toka. Kunnensa na hagu a yage yake, an ɗinke da jan zare.

Perla ta san wannan kunnen. Tana cikin kwamitin da ya kori mai shi bara, wani mutum da ake kira Dado, bayan iyaye biyu sun kawo saƙonnin da yake tura wa 'ya'yansu. An hana shi shiga kowane taro, an raba wa masu gadi hotonsa. Amma hoton fuskarsa aka raba. Ba wanda ya yi tunanin kayan.

Ta kira sunan Isay. Muryar ta maƙale cikin soso da gashi, kiɗa ya haɗiye ta. Ta yi ƙoƙarin gudu, amma takalman dila kamar matasan kai suke, ga mutane suna tare ta suna neman hoto. Wata yarinya ta rungume mata ƙugu. Kyarkecin ya kusa ƙofa, kuma bayan ƙofar nan akwai matakalar da ke sauka wurin ajiye motoci.

Ba a cire kai a gaban jama'a. Ita ma Perla ba ta taɓa yi ba, ga shi kuma malama ce a makarantar 'yan mata ta sistocin coci, kuma a can ba wanda ya san yadda take kwana da wannan kan dila a saman kabad. Ta sa hannu biyu ta fizge shi, ta yar a ƙasa.

“Isay! Ku tare ƙofar nan!”

Kiɗan bai tsaya ba, amma mutane sun dare. Wayoyi suka juyo kanta. Wata mata daga gefe ta ce, “Ikon Allah, ba Malama Perla ba ce?” Ba ta waiga ba. Ta zame takalman, ta ruga da safa.

Ta cim musu a bakin ƙofa. Ta fizgo Isay ta mayar da ita bayanta, da ƙarfin da ya sa kunnuwan magen suka karkace.

“Cire kan nan,” ta ce wa kyarkecin. “Dado, na ce ka cire.”

“Mama, ba shi ke ja na ba,” in ji Isay. “Ni ke jan ta. Ba ta iya numfashi. Ɗakin hutawa zan kai ta.”

Kyarkecin ya jingina da bango, ya sulale ya zauna. Mai gadi ya iso, shi da Perla suka ɗaga kan. Yarinya ce, gashinta ya manne a goshi, leɓɓanta sun yi fari. Ba za ta wuce shekara sha huɗu ba.

Suka riƙa ta zuwa ɗakin hutawa, inda ake cire kai a sha iska, ba a shiga da kyamara. Kawunan dabbobi sun jeru a tebura gaban fankoki. Dolor ta iso tana haki. Ta miƙa gorar ruwa kawai.

Yarinyar ta sha kaɗan-kaɗan. Sunanta Liezel, daga unguwar Marikina. Kayan sun yi mata yawa, an naɗe hannayen riga an soke da fil.

“Ki yi haƙuri, Anti. Yau na fara sawa. Ban san haka zafin yake ba.”

“Ba komai, 'yata. Duk mun sha wannan.” Perla ta zuge mata zif ɗin baya don iska ta shiga. “Kayan wa ne?”

“Nawa ne. Kyauta aka ba ni.”

“Wa ya ba ki?”

“Yaya Dado. A intanet muka haɗu, yana son zanena. Yana da kirki, Anti. Shi ya kawo ni a motarsa. Ya ce shi ba zai shigo ba, wai akwai masu jin haushinsa a nan.” Ta kalli agogon bango. “Yana ƙasa yana jira. Ya ce in an gama jerin gwano in sauka, za mu je cin abinci.”

Perla ta ji sanyin fanka a bayan wuyanta. Ɗazu ta ɗauka tsoron ya wuce.

“Mamanki ta san kina nan?”

Liezel ta sunkuyar da kai. “Na ce mata karatu za mu yi a gidan ƙawata. In ta ji, na shiga uku. Cewa take yi 'yan furi duk 'yan iska ne.”

Dolor ta yi tari ta kau da kai.

Wayar yarinyar ta yi ƙara a kan tebur. Perla ta ga sunan kafin Liezel ta kai hannu, ta dafe wayar da tafinta har ta yi shiru. Ta yafito mai gadin, ta yi masa magana ƙasa-ƙasa: wace irin mota, wane hawa, a kira shugaban taro, a kira 'yan sanda, kada a bari ya ga ana nemansa. Mutumin ya fita da sauri.

“Anti, me ya yi?” Idon Liezel ya ciko. “Ni zan ja masa?”

“Ke ba ki ja wa kowa komai ba. Ba za ki sauka ƙasa ba, shi ke nan. Ba ni lambar mamanki.”

“Don Allah, Anti.”

“Zan yi mata magana da kaina. Faɗan da za ta yi, ni za ta fara yi wa.”

Isay ta matso ta zauna kusa da Liezel, ta ce, “Mamata malama ce. Ta saba da faɗan iyaye.”

Dolor ta ciro wayar Perla daga jaka. A fuskar wayar akwai saƙo daga shugabar makaranta, hoton Perla ne cikin kayan dila ba kai, da layi ɗaya a ƙarƙashinsa. Perla ba ta buɗe ba. Ta cire hannun dila da haƙori, ta danna lambobin da Liezel ke faɗa tana shessheƙa.

An daɗe kafin a ɗauka. Ana jin ƙarar mai a kasko daga can.

“Wace ce?”

“Sannu, Maman Liezel. Sunana Perla. Liezel tana tare da ni, lafiyarta ƙalau, amma ba ta gidan ƙawarta. Muna wani taro a otal, a Pasay. Ina so ki zo ki ɗauke ta da kanki, kada ki aiko kowa.”

Ƙarar man ta tsaya.

“Wane irin taro?”

Perla ta dubi ɗakin, ta dubi ƙafafunta cikin jiƙaƙƙiyar safa.

“Ki zo dai, zan faɗa miki komai. Zan tsaya miki a bakin ƙofa. Ba za ki sha wuyar gane ni ba: daga wuya zuwa ƙasa dila ce.”