Gwajin Haske

Auta ce ta yanke wa shagon wa'adi, wata guda cif. In shafin da za ta buɗe wa mahaifinta, Mai Hoto, a intanet bai sayar da ko hoto ɗaya ba kafin nan, Mai Hoto zai miƙa makulli ya koma gidanta, ɗakin bayan kicin da mijinta ya riga ya sa aka yi wa fenti. Mai Hoto ya ga ɗakin. Taga ɗaya gare shi, ita ma bango take kallo.

Shekara talatin da huɗu yana ɗaukar hoto a shagon nan. Yanzu kowa da kyamara a aljihu, kowa gwani ne. Ba mai zuwa sai masu hoton fasfo, su ma sai sun yi gardama cewa ya ƙara musu kumatu. Tun rasuwar matarsa, wata goma sha huɗu ke nan, yakan buɗe da safe, ya share, ya zauna da littafi, ya rufe.

Auta ta zo da kwamfutarta, ta ture littattafansa gefe, ta baje a kan tebur.

"Baba, wane suna za mu sa wa shafin?"

"Wanda ke kan allo."

"Rabinsa ya goge."

"To sa rabin da ya rage."

Ya zaɓo mata hotuna arba'in daga tsofaffin kwalaye: gada, tashar mota, masu dako, itacen da aka sare aka gina gidan mai a wurinsa. Kowanne sai an ba shi suna da farashi, a yi masa maɓallin da mai saye zai danna. Ta ce ya ba su sunaye masu jan hankali. Ya ce, "Gada." Na biyu ya ce, "Wata gadar." Da ta gaji sai ta ɗauki kwalin gaba ɗaya, ta ce za ta ƙarasa a gida.

Tela, maƙwabcinsa, ya leƙo da almakashi a hannu. "An ce shago ya hau sama? A riƙa tunawa da mu na ƙasa."

"Da ka zo ka ɗau hoto ko sau ɗaya, da bai hau ba."

Mako uku Auta tana kira tana ba shi rahoto.

"Mutum ɗari biyu sun shiga, Baba."

"Suka yi me?"

"Suka kalla."

"Haka suke yi a nan ma. Sai dai a nan suna sallama."

Ranar ashirin da shida, yana cikin shara, ta kira tana haki. An saya. Wata likitar haƙori ce a wani gari mai nisa, babban bugu take so, za ta rataya a ɗakin jira.

"Wanne?"

"Lamba arba'in da ɗaya."

"Arba'in na ba ki."

Ya jingine tsintsiyar.

"Akwai wata ambulan a ƙasan kwalin," in ji ta. "Ta Mama."

Ya san ambulan ɗin. A zamanin kyamarar fim, kowace safiya kafin baƙo na farko ya shigo, sai ya gwada fitilu, kuma gwajin haske sai da fuskar mutum. Matarsa yake kira. Ta fito daga wanke-wanke, hannun riga a naɗe, ta zauna a kujerar baƙi, ta riƙe wani katin auna haske mai ruwan toka a ƙarƙashin haɓarta. Hoton farko na kowane fim nata ne. Ba ta taɓa yi masa kwalliya ba, shi kuma bai taɓa ce mata ta yi murmushi ba. Ba don a gani aka ɗauke su ba.

"Sun fi gadojin kyau, Baba. Sha biyu na ɗora. Na so in gaya maka, na kasa. In ka ce a'a, yanzu zan soke."

"Mamanki da ba ta taɓa yarda ta buɗe wa likita baki ba."

"Baba."

"In na ce a'a, wa'adi yana nan?"

"Kada ka ce haka mana."

"Tambaya na yi."

"Saura kwana huɗu."

Ya ce ta turo.

Da hoton ya cika fuskar kwamfuta, sai ya gyara zama ya jira wani abu ya motsa a ƙirjinsa. Ya jira har Tela ya gama dogon ɗinki ɗaya ya tayar da wani. Abin da ya zo masa kawai shi ne fitilar hagu ta yi kusa, inuwar ƙarƙashin haɓa ta yi nauyi. Bakinta a ɗan buɗe yake, gira ɗaya a sama. Magana take yi. Kullum a kujerar nan magana take yi. Ya nemi ya tuna ko kalma ɗaya, bai samu ba. Shi hasken kumatunta yake kallo.

Ya rage inuwar, ya buga. Fuskarta ta yi ja. Ya sake, ta yi fari fat kamar mai jinya, ya kife wannan a kan tebur. Na uku ya fito daidai. Ya sa shi tsakanin kwali biyu, ya naɗe, ya rubuta adireshin da manyan baƙaƙe.

A gidan waya ma'aikaciyar ta ɗora shi a sikeli. "Baba, me ke ciki?"

"Takarda."

"Mai muhimmanci ce?"

"An riga an yi mata kuɗi."

Yana hanyar dawowa Auta ta kira. Muryarta ta nuna ta yi kuka ta wanke fuska.

"In sauke sauran sha ɗayan?"

"Bar su. Akwai ambulan shida irin waccan a ƙarƙashin benci, ki zo ki ɗauka. Ki ce wa mijinki ya zuba kayansa a ɗakin nan, kada fentin ya tafi a banza."

Washegari ya buɗe, ya share. Ya laluba aljihun tebur ya ciro katin, gefensa ya yi laushi inda babban yatsanta ke riƙewa. Ya jingine shi a kujerar baƙi, ya kunna fitilu. Ya ja ta hagu baya kamar taƙi ɗaya, ya duba, ya ƙara ja kaɗan. Sannan ya ɗauki littafinsa ya zauna.