Kyamarar da Za Ta Je Marsiliya

"Wannan ta cika ƙara," in ji Yamina, ta ture kyamarar gefe a kan gilashin kanta. "Ba ka da wadda ba ta kuka?"

Si Kaddur, mai shagon, ya ɗaga tabarau ya dube ta. Ita ce ta uku da ta ture. Ta farko ta ce ta yi nauyi, ta biyu ta ce ba za ta shiga jakar hannu ba, yanzu kuma ƙara.

"Hajja, hoto za ki ɗauka ko sata za ki je?"

"Tafiya zan yi."

"Ai masu tafiya da waya suke ɗauka yanzu. Masu zuwa mini nan yara ne masu yagaggen wando, su saye abin da iyayensu suka zubar a shara. Ke me ya haɗa ki da fim?"

"Wayata ba tawa ba ce ni kaɗai," ta ce, ta gyara mayafinta.

Gaskiya ta faɗa. Kullum bayan sallar magariba mijinta, Si Milud, yakan miƙo hannu ba tare da ya dube ta ba, ita kuma ta ɗora masa wayar. Wai yana share mata tarkacen da mata ke turo mata. Yakan bi hotuna ɗaya bayan ɗaya da babban yatsansa, ya bi kiran da aka yi, sannan ya ajiye ta kusa da kofin gahawa. Duk garin Wahran an san Si Milud da tsare gida, kuma yana jin daɗin a san shi da hakan.

Abin da yake nema a wayar ba ɓoyayye ba ne. Ɗansu Hawari ne, wanda ya watsa baikon 'yar aminin ubansa ana saura kaɗan biki, ya tsallaka teku, ya auri wata Bafaransa a Marsiliya. Ranar da labarin auren ya iso, Si Milud ya tsaya a tsakar gida, gaban ƙannensa da maƙwabta biyu, ya nuna Yamina da yatsa ya ce in ta taka gidan yaron, ko ta ajiye hotonsa a ƙarƙashin rufin nan, to a bakin aurenta. Ba ita ta watsa baiko ba, ba ita ta auri Bafaransa ba, amma a wuyanta aka rataya rantsuwar. Shekara bakwai ke nan tana ɗauke da ita.

Yanzu ƙanwarta Fatiha ta kwanta asibiti a Marsiliya, an ba Yamina biza ta je jinya. Fatiha ce ta raɗa mata tun bara, da ta zo ganin gida, cewa Hawari yana da 'ya mace, har ta fara makaranta. Yamina ba ta san fuskarta ba, ba ta ma san sunanta ba, don Fatiha ta fara faɗa sai ga tarin Si Milud a bakin ƙofa. Ta riga ta gama lissafinta: ba za ta taka gidan ba, za su haɗu a lambun asibiti, rantsuwa ba ta ambaci lambu ba. Hotunan kuwa za ta bar su wurin maƙwabciya. Abin da ya rage shi ne na'urar da babban yatsan Si Milud ba zai iya shiga cikinta ba.

Shi ya sa ta hau jirgin cikin gari ta ce za ta kasuwar Madina Jadida sayen kayan tsaraba, ta sauka kafin kasuwar, ta bi lungu har shagon nan. An ce mata shi kaɗai ya rage a garin da ke wanke fim.

"To, bari in fito miki da amarya," in ji Si Kaddur. Ya durƙusa da ƙyar, ya ciro wata 'yar baƙar kyamara daga aljihun tebur, tsawonta bai wuce tafin hannu ba. Ya ja murfin gabanta gefe, idonta ya leƙo. "Kin gani? Ki ja, ki duba ta nan, ki danna. Ba saiti, ba lissafi. Ita ke nemo fuska da kanta. In kin gama ki rufe, ki jefa a jaka tare da carbi."

Yamina ta ɗauka. Ba nauyi. Ta danna, ta ji wani ɗan ƙas, sai gurnani gajere.

"Mene ne wannan kuma?"

"Tana jawo fim ne zuwa hoto na gaba. Talatin da shida gare ki, Hajja, ba irin na waya ba da ake ɗaukar kwanon miya. Kowanne ki yi tunani kafin ki danna. Filasha kuma tana tashi da kanta in wuri ya yi duhu. In ba ki so a gan ki, ki riƙe wannan maɓallin."

"In yaro yana gudu fa? Tana kama shi?"

"Au, jika ne." Ya yi murmushi, haƙoransa na gaba biyu babu. "Da kin faɗa tun farko ai da ba mu wahalar da juna ba. Tsaya in nuna miki aikinta da idonki. Ina da wani mutumina, irin wannan ya saya a hannuna shekara huɗu da suka wuce. Shi ma jika ce ta kawo shi."

Ya juya ga kantar bayansa, ya sauko da wani kwalin takalmi cike da ambulan, ya zaro guda, ya baza hotuna a kan gilashi yadda mai tumatir ke baza kaya.

"Dubi kala. Dubi wannan, cikin ɗaki ne, ba rana, amma ko gashin gira ana gani."

Yamina ta sunkuya. Wani dattijo ne a rarrafe kan darduma, wata yarinya mai cukurkuɗaɗɗen gashi tana zaune a bayansa, ta riƙe kunnuwansa biyu kamar linzami. Dattijon ya wage baki yana dariya, har haƙorin zinariyarsa na can ciki ya fito. Ta san haƙorin. Ta san rigar sanyin ma, ita ta saƙa ta da hannunta, ruwan toka, da ɗan kuskure a wuyan da ba wanda ya sani sai ita.

Ta ɗauki hoto na gaba. Si Milud ne a bakin teku, yarinyar a wuyansa. Na gaba, Si Milud a teburin cin abinci, Bafaransar tana zuba masa miya, shi kuwa ya miƙa kwano da hannu biyu. Na gaba, Hawari. Ya yi ƙiba, gashin gabansa ya fara tafiya, ya dafa kafaɗar ubansa. Ta daɗe a kan wannan. Ɗanta ya fara sanƙo ba ta sani ba.

Si Milud ya yi aikin masana'anta a Faransa a ƙuruciyarsa, saboda haka sau biyu a shekara yakan shirya jaka ya ce zai je Liyon sa hannu a takardun fansho. Yakan dawo yana ɗingishi, yana zagin sanyin Liyon da matakalar ofisoshinsu. Ita kuma takan ɗumama man zaitun, ta zauna a ƙasa, ta murza masa gwiwoyi har hannunta ya gaji. Ashe gwiwoyin doki take murzawa.

"Hajja? Ko in kawo miki kujera?"

"A'a." Muryarta ta fito daidai, abin ya ba ta mamaki. "Mai hotunan nan, me ya sa ya bar su a nan?"

"Ai ba ya kai su gida. Duk ranar Alhamis yakan zo, in aika a kawo mana gahawa, ya zauna a kujerar can ya yi ta kallonsu. Wani lokaci har ya share ido, wallahi. Mutumin kirki, sai dai bai yi sa'ar gida ba."

"Kamar yaya?"

Si Kaddur ya rage murya, irin ta mai jin daɗin abin da zai faɗa. "Matar ce. Ya ce tun da yaron ya auri Baturiya ta ce ba ita ba shi. Ko sunansa ba ta so a kira. Ya yi lallashi, ya yi roƙo, ina! Kin san wasu matan in suka ƙulla abu. Kuma abin haushin, sunanta aka sa wa yarinyar. Yamina. Takwararta guda, amma ko ta tambaya."

Motoci suna wucewa a waje, mai tallar abinci yana kiran masu saye a bakin lungu. Yamina ta ajiye hoton a kan gilashi. Ba ƙaryar da mijinta ya yi wa mai shago ce ta fi cin ta ba. Tunanin abin da ya faɗa wa Hawari ne. Yaron yana can shekara da shekaru yana zaton uwarsa ce ta rufe ƙofa, ubansa kuwa shi ne mai zuciya, mai satar hanya ya zo. Ita tana nan tana miƙa waya bayan magariba kamar 'yar makaranta, tana kuka a banɗaki da famfo a buɗe don kada a ji. Shi ya yi rantsuwar, shi ya ji kunyar warware ta gaban ƙannensa, sai ya bar ta a ɗaure ya bi ta taga.

"Allah ya shirye ta," in ji Si Kaddur yana tattara hotunan.

"Amin," ta ce. "Wannan ɗin zan ɗauka. Sa mini fim a ciki yanzu."

"Yanzu? Ki bari sai kin isa mana, kada ki ɓata..."

"Sa mini."

Ya buɗe bayanta, ya ɗora fim, ya rufe. Kyamarar ta yi gurnaninta, lamba ɗaya ta fito a 'yar tagar sama. Ya ce kada ta bar ta a rana, kada ta buɗe bayan kafin fim ya ƙare, in ta dawo ta kawo masa, shi ba ya nuna hoton kowa ga kowa. Yamina ta dube shi, ta dubi kwalin takalmin. Ta biya ta fita.

Ba ta je kasuwa ba. A jirgin komawa ta zauna kusa da taga, jakar a cinyarta, hannunta a ciki yana shafa murfin kyamarar. Wata mata ta tambaye ta ko lafiya, ta ce rana ce.

Ta tarar da shi inda ta san za ta tarar da shi, a kujerarsa ta tsakar gida bayan la'asar, ƙafa ɗaya a kan matashi, carbi a hannu, fuskar nan a murtuke kamar an aiko masa da sammaci.

"Sai yanzu? Ina tsarabar?"

"Ban samu abin da nake so ba."

"Yini guda a kasuwa, hannu wofi." Ya ja tsaki. "Zauna, ina da magana. Jibi za ki hau jirgi. Na bar ki ne saboda Fatiha, don kada a ce na hana zumunci. Daga asibiti sai gidanta, daga gidanta sai asibiti. Garin nan kin san wanda ke cikinsa. Ban manta abin da na faɗa ba, ke ma kada ki manta."

"Ban manta ba, Si Milud. Yaya gwiwar?"

"Tana nan. Anjima ki ɗumama man."

Ta buɗe jaka, ta ciro kyamarar, ta ja murfin. Ta ga idonsa ya sauka a kanta, ta ga carbin ya tsaya. Ya san ta, ai irin tasa ce sak. Ta ɗaga ta zuwa idonta. A cikin 'yar tagar ya yi ƙanƙane, da hularsa da matashinsa da haɗaɗɗiyar girarsa. Inuwa ta riga ta rufe tsakar gidan, ita kuwa ba ta riƙe maɓallin da aka nuna mata ba. Filasha ta wanke masa fuska.

"Ke! Mene ne haka? Wa za ki nuna wa?"

"Takwarata," ta ce. "Ta san kakanta da dariya. Gara ta ga fuskar da ni nake zama da ita."

Bakinsa ya buɗe, bai rufe ba. Ya dubi ƙofar gida, ko akwai mai ji. Da ya yi magana muryar ta sauka ƙasa sosai.

"Yamina... rantsuwar fa? Gaban mutane na yi ta."

"Kai ka yi ta. Kana da yau da gobe, ka nemi malami ko ka nemi ƙannenka, ka san yadda za ka yi da ita. Ni dai gidan ɗana zan sauka."

Kyamarar ta gama gurnani a hannunta, lamba biyu ta fito. Ta rufe murfin, ta mayar da ita jaka. Sannan ta ciro wayarta, ta ajiye masa kusa da kofin gahawa tun magariba ba ta yi ba, ta wuce ɗaki ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado.