Sabon Lagireton Gimbiya

Auta ya haura sittin, furfura har a gira, amma a gidansu shi Auta ne har gobe. Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Yaya, aka kai shi gidan 'yarsa can bayan tsauni, sai makullin Gimbiya ya dawo hannun Auta. Gimbiya mota ce shuɗiya, ta ba shekara hamsin baya, kuma injin da ta fito da shi daga kamfani shi ne a cikinta har yau. Yaya bakanike ne, shi ya raine ta, ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kanta.

Ranar Talata 'yar ta bugo waya tana shessheƙa. "Baffa, jikin Baba ya ƙi, idon ma ya tafi. Magana ɗaya yake maimaitawa, a kawo masa Gimbiya ya ji kukanta."

To ga lagireton motar, na tagulla, yana ɗan tsatsafo. Auta ya kwance shi ya kai wa Mai Dalma, tsohon da ke gyaran lagireto a ƙarshen layin makanikai. Tsohon ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce kwana biyar. Sai ya buɗe shi, ya zurara kowane bututu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya liƙe.

"Kwana biyar? Haba Baba, mutumin da ake jira ko jibi ba tabbas!"

Auta ya ɗauke abinsa ya faɗa shagon Zuma, dillalin kayan tsofaffin motoci, inda masu sha'awarsu ke taruwa suna musu kan fitila da madubi. Ba banza ake kiransa Zuma ba, bakinsa zai iya sayar wa makaho tabarau. Ya zaro sabon lagireto daga kwali, alminiyon sai ƙyalli, samansa da ƙasansa baƙar roba.

"Yallaɓai, wannan ko jikanka sai ya gaje shi. Bar min wancan gwangwanin, na rage maka."

Mai Dalma ya ga Auta ya wuce da kwali a kafaɗa, ya girgiza kai. "Tagulla in za ta mutu tana faɗa maka da ɗigo-ɗigo. Roba ba ta sallama." Auta ya yi kamar bai ji ba.

Washegari da hantsi ya kama hanya. Gimbiya na tafiya sumul, har yana ɗan rera waƙa. Da suka fara hawan tsauni allurar zafi ta ɗaga, ta wuce rabi, ya zuba mata ido. Can kuma sai ta sauko a hankali, ta kwanta. Ya daki sitiyari don murna. "Kai Zuma, Allah ya yi maka albarka!" Ya ƙara taka totur.

Kaico, rashin sani ya fi dare duhu! Allurar nan zafin ruwa take aunawa. Robar ta tsage tun a gindin tsauni, ruwan ya tsiyaye tas, allura ba ta da abin aunawa, shi ya sa ta kwanta. Da Yaya ne, da ya kashe mota nan take. Auta kuwa ya yi tafiyar kusan minti goma yana yabon dillali.

Ƙauri ya fara ji, sai ƙwas-ƙwas a ƙarƙashin bonet, sai Gimbiya ta yi wata irin shaƙuwa ta tsaya cak. Wani bakanike na bakin hanya ya zo ya sa sifana ya gwada juya injin, ya hau da duk ƙarfinsa, ko motsi.

"Ya ƙone, ya haɗe, har jikin ya tsage. Irin wannan kuwa an daina ƙera shi tun ina goye."

Auta ya zauna a kan dutse ya yi kuka irin na yara, bai damu da masu wucewa ba. Shekara hamsin a hannun Yaya ko tari ba ta yi ba, shi wata huɗu kacal ya kashe ta.

Da la'asar wata motar ɗaukar yashi ta jawo su har ƙofar gidan. An yi wa Yaya wanka, an sa masa hula, an zaunar da shi a kujera a bakin ƙofa tun azahar. Ya karkata kunne, ya yamutsa ɓarin fuskar da ke motsi.

"Wannan dizal ne. Ba ita ba ce."

"Tana baya, Yaya. Ga ta nan."

"To tayar da ita mana."

'Yar ta kalli igiyar da ke ɗaure a gaban motar, ta kalli Baffanta, ta toshe baki da mayafi. Auta ya juya wajen Gimbiya. Ya koma mazaunin direba, ya murɗa makulli. Ƙas. Ya sake murɗawa. Ƙas.

Yaya ya yi ɗan murmushi. "Auta ke nan, kullum gaggawa. Taka totur sau biyu, ka ɗan jira, lallashi take so." Ya gyara zama da ƙyar, ya ƙara miƙo kunne. "Yi a hankali, ina jira."