Layukan Bula

Hammawa mai kifi ya tsamo karfasa biyu daga cikin mai, ya barbaɗa musu yaji, ya zaro takarda daga ƙarƙashin tebur ya naɗe, ya miƙa wa Meram. Ta karɓa ta juya za ta bar tashar, sai ta tsaya cak.

Takardar tana da layuka shuɗɗa, masu kauri, wasu sun ɗan karkace. Meram ba ta taɓa shiga aji ba. Ko sunanta aka rubuta aka ajiye mata a gaba, ba za ta gane shi ba. Amma waɗannan layukan ta san su, don ita ta ja su da hannunta, da tsinken tsintsiya da bular wanki.

"Kai, Hammawa. Ina ka samo wannan takardar?"

"Inna, takarda ce kawai. Ko ta yi datti in sake miki?"

"Tambayarka na yi."

"Shagon Maikuɗi. Buhu guda ya ba ni, da tsofaffin jaridu a haɗe. Sati biyu ke nan."

"Saura nawa?"

Ya ɗago abin da ya rage. Kaurinsa bai kai yatsa biyu ba. Littafin da a da sai ta sa hannu biyu take ɗagawa.

"Kada ka ƙara naɗe ko kan kifi da ita sai na dawo," in ji ta. "In ka taɓa, ni da kai ne a garin nan."

Littafin mijinta ne, Malam Jaji. Shekara ashirin da biyu yana koyarwa a firamare, daga Katagum zuwa Giade zuwa Azare, har shekarar da soja suka yi ta sallamar ma'aikata, aka miƙo masa takarda aka ce ya je ya huta. Bai huta ba. Ya shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar tsakar gida, ya ce littafi zai rubuta, labarin wani mai fito, Ɗanladi, da aka gina gada a kan koginsu, kwalekwalensa ya zama ba shi da amfani. Shekara shida yana abu ɗaya. Ana cikin ta uku ido ya fara ba shi matsala, ya daina ganin layin takarda, rubutu na hawa kan rubutu. Meram ta ga ya ajiye biro ya yi tagumi kwana biyu. Ran na uku ta jiƙa bula a murfin kwano, ta ja masa layi masu kauri a bayan tsofaffin takardun jarrabawa, ta shanya su a rana kamar kayan miya, kowace da dutse a kanta. Shafi fiye da ɗari uku. Kullum bayan la'asar sai ya karanta mata abin da ya rubuta, tana tsince shinkafa tana gyara masa: mace ba ta magana haka, kifi ba ya kamuwa a wannan watan.

Da ya gama, idon ma ya gama. Ya damƙa littafin a hannun Maikuɗi, tsohon ɗalibinsa mai shagon littattafai a bakin kasuwa, wanda ke zuwa Kano sarin kaya, ya kai wa masu bugawa. Shekara huɗu ke nan. 'Yarsu guda tana aure can Maiduguri, abokan aiki sun ɗauke ƙafa tun da aka daina ganinsa a masallacin Juma'a. Su biyu suka rage a gidan, sai tambaya guda. Duk Litinin Meram ta taka zuwa gidan waya, ta dawo, ya ji ƙarar ƙyaure ya ɗago kai: "Wasiƙa ta zo?"

Yau ma daga gidan wayar take.

Ta sami Maikuɗi yana auna wa wata mata gishiri. Shagon littattafan yanzu taliya ce da sabulu da man gyaɗa, littattafan sun koma kanta guda a can sama, sun yi ƙura. Yana ganinta ya washe baki.

"Iya, sannu da zuwa. Ya jikin Malam?"

Ta ajiye ƙunshin kifin a kan ma'auninsa. Ya duba. Murmushin ya tafi.

"Karanta mini," in ji ta. "Ni jahila ce. Kai Malam ya koya wa karatu. Karanta in ji."

"Iya, ki shigo ciki mu yi magana."

"Nan ma magana ake yi. Ka kai Kano ko ba ka kai ba?"

"Wallahi na kai. Shekara guda yana hannunsu. Suka ce takarda ta yi tsada, littafin makaranta kaɗai suke bugawa yanzu, shi ma da ƙyar. Na kai wani wuri, ko buɗewa ba su yi ba. Sai na dawo da shi."

"Yaushe?"

Ya sosa ƙeya. "Shekara uku."

"Shekara uku ina taka wannan ƙafar zuwa gidan waya. Ma'aikatan wurin har sun sa mini suna. Kana zaune nan kana ganin wucewata, har gaishe ni kake yi."

"Iya, in je in ce wa makaho me?"

"Makaho ne, ba gawa ba. Yana da kunne."

"Kunya ce ta hana ni. Ina ta cewa abubuwa za su yi sauƙi in sake gwadawa. Da rufin sito ya yi yoyo aka kwashe takardu, ban lura yana ciki ba."

"Ka lura. Abu shuɗi haka, ko jaki ya gani ya san ba jarida ba ce."

Matar da ke sayen gishiri ta ƙi tafiya. Maƙwabta sun fara leƙowa. Maikuɗi ya sunkuya ya ɗauko taliya ƙulli uku da kwalbar mai ya tura mata.

"Ki kai wa Malam, don Allah."

Meram ta sa bayan hannu ta mayar masa. "Ba bara na zo ba. Rufe shagon nan, mu je ka faɗa masa da bakinka. In ka ƙi, wurin mai unguwa za ni, daga nan alƙali. Sai an san wanda ya cuci mijina."

Ya rage murya. "Ki kai ni duk inda kika ga dama, Iya, ina da laifi. Amma ranar da aka kira shari'ar, Malam zai ji. Yanzu yana da abin da yake jira. In ya ji, me zai jira?"

Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan, maƙaryaci ya faɗi gaskiya. Ta ɗauke kifinta ta fita.

Rana ta take lokacin da ta koma tasha. Layin motoci masu jiran fetur ya miƙe daga gidan mai har ya wuce teburin Hammawa, wasu an rufe gilashinsu da kwali, wasu an shanya wanki a kansu. Direbobi da 'yan acaɓa sun taru a inuwa, sun sa Hammawa a tsakiya.

"Wace irin takardar siminti ce wannan?" wani ɗan acaɓa ke cewa. "Ina takardarmu?"

"Ga mai ita nan ta iso, Saleh," in ji Hammawa. "Ka tambaye ta. Ni an hana ni."

Wani dattijo mai furfura a gemu, da rigar direbobin asibiti, ya miƙe ya ba ta benci. A hannunsa akwai takardu masu layin bula, sun sha mai har ana ganin yatsa ta bayansu, an maƙale su da abin shanyar kaya.

"Mama, sunana Jonah, ni ke jan motar asibiti. Kwana tara muna layin nan. Jarida ta fi ƙarfinmu, rediyo kuma abin da ya faɗa jiya shi zai faɗa yau. Ranar nan ina cin kifi na ga labari a jikin takardar. Na karanta musu. Tun daga nan duk wanda ya sayi kifi sai ya kawo mini tasa, in jera da lamba."

"Ni ba na ma son kifi," in ji Saleh. "Don Ɗanladi nake saye. Matata a Chinade ta fara zargina."

Aka yi dariya. Meram ba ta yi ba.

"Matsalar," in ji Jonah, "fasinjojin Potiskum da Maiduguri sun tafi da rabi. Jiya mun bar Ɗanladi ya ɗauki kwalekwalen zai kai kasuwa. Shafi na gaba kuma sai ga shi a gida, matarsa ba ta yi masa magana. Shafi goma sha ɗaya babu. Tun safe ake gardama, ya sayar ko bai sayar ba."

"Ya sayar mana," in ji Saleh. "Da irin matar nan Murja a gida? Bakinta ya fi yajin Hammawa. Ni da tuni na sayar na gudu."

"Gaskiya take faɗa masa," in ji Meram. "Mutum ya zauna bakin kogi yana jiran fasinja, ga gada a kansa motoci na wucewa. Wa zai faɗa masa in ba ita ba?"

Suka juyo gaba ɗaya.

"Bai sayar ba. Ya kai har kasuwa, mai saye ya ce katako yake so, faskara shi zai yi. Ɗanladi ya ce a ba shi gatarin ya fara da kansa. Ya ɗaga, ya kasa. Ya jawo abinsa ya dawo. Murja kuma ba don bai sayar ba ta yi fushi. Ta riga ta sayar da 'yan kunnenta ta sayo masa kwalta ya liƙe ɓarakar jirgin, shi kuma ya tafi kasuwa bai ko shawarce ta ba."

Saleh ya cire hularsa ya mayar.

"Mama, kin karanta littafin ne?" in ji Jonah.

"Ban iya karatu ba. Ni na ja layin."

Ta miƙa hannu, Hammawa ya ɗora mata ragowar takardun, masu tsabta, ba ɗigon mai ko ɗaya. Don su ta dawo. Ta yi niyyar ta kai gida ta sa a ƙasan adaka, inda ba Maikuɗi ba mai kifi. Ta dubi nata, ta dubi na hannun Jonah da suka yi laushi don shan hannu. A adaka wa zai buɗe su? Ita ko Malam?

"Kun san wanda ya rubuta?"

"Shafin farko bai zo hannunmu ba."

"Malam Jaji. Tsohon malamin firamare. Yana nan da ransa a garin nan. Rubuta."

Jonah ya zaro biro daga aljihu, ya yago kwali, ya rubuta da manyan baƙaƙe, ya nuna mata. Ta daɗe tana kallo kamar mai dubawa ko an yi kuskure.

"Duk lokacin da za ka karanta, da sunan za ka fara. Kai kuma Hammawa, ka koma takardar siminti." Ta ɗora ragowar a hannun Jonah. "Ƙarshen yana ciki. Kada wanda ya leƙa kafin a zo wurin."

Jonah ya gyara zama, ya ce, "Littafin Malam Jaji," ya buɗe baki zai ci gaba, sai wani ya yi ihu daga bakin titi cewa tankar mai ta iso. Kafin ka ce me, benci ya zama wayam. Saleh ya tura babur da gudu. Jonah ya cusa takardun a ƙarƙashin kujerar motarsa, ya ɗaga mata hannu ta taga, bai ko waiwayo sosai ba. Aka bar ta ita da Hammawa da kaskon mai.

Ta kama hanyar gida. Ba ta bi ta ƙofar mai unguwa ba.

Malam Jaji yana kan tabarmarsa a gindin dalbejiya, fuskarsa na kallon ƙofa. Ƙyauren ya yi ƙara.

"Kin daɗe. Wasiƙa ta zo?"

"Babu wasiƙa."

Ya gyaɗa kai, kamar kowace Litinin. Ta zauna a gefen tabarmar, ta ajiye masa ƙunshin a gaba.

"Amma ana karantawa," in ji ta.

"A Kano?"

Ta matso masa da ƙunshin. Ya laluba ya warware kifin, ya riga ya huce. Yatsunsa suka tsaya a kan takardar. Tun da ido ya fara tafiya yake danna biro da ƙarfi, har rubutun ya fito ta baya kamar zanen ƙwarya. Ya shafa daga sama zuwa ƙasa, ya juya, ya sake shafawa. Meram ta zuba wa bakinsa ido, ta shirya zagin da za ta yi wa Maikuɗi in ya tambaya. Bai tambaya ba.

"Shafi na nawa ne wannan?"

"Ka san ban sani ba."

Kaza ta matso, Meram ta kore ta.

"Su wa ke karantawa?"

"Direbobi. Da 'yan acaɓa. Har gardama suke yi."

Ya juya kifin a hannu bai ci ba. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Me suka ce game da Murja?"

"Sun ce ta cika baki."

"To ai ta cika."

"Ci kifinka, Malam."

Ya gutsura, ya tauna a hankali, ya zare ƙaya ya ajiye a gefe, ba a kan takardar ba.

"Ran Litinin," in ji shi, "ki bar gidan wayar nan. Ki biya ta tasha ki ji ko sun kai ƙarshe."