Inci Biyar a Filin Miri

Sunana Ɗanlarai, walda nake yi a Wunti, cikin Bauchi, shekara ashirin da bakwai. Ban san komai a ƙwallon kwando ba sai da Alhaji Abdulbaqi mai hatsi ya sayi kulob ɗin Shaho, bayan kulob ɗin ya faɗo daga babban rukuni. Alhaji ya sallami tsofaffin 'yan wasa kaf. Ya ɗauko Akinwale, haifaffen Bauchi da ya taɓa buga wa kulob ɗin, ya naɗa shi koci, ya ce ya gina sabo da matasa. Akinwale ya zaga unguwanni ya tsinto goma sha biyu. Gwaninsu Nasiruddeen ɗan Tirwun, dogon da in zai shiga keke sai ya naɗe kamar tabarma.

Alhaji ya yanki fili a gonarsa ta Miri, aka ba ni aikin turaku da zoben da ake jefa ƙwallo a ciki. Akinwale ya ce daga ƙasa zuwa bakin zobe ƙafa goma cif. Na auna, na kafa, na tafi. Bayan sati biyu ruwan sama ya kwanta a filin, Alhaji ya turo birkila ya yi ciko ya zuba kankare. Na ga aikin da idona, har na yaba.

Ranar da aka fara atisaye Akinwale ya tsaya yana kallon zoben, ya karkata kai.

"Baba Ɗanlarai, ka tabbata goma ne? Ara mini tef ɗinka mana."

Na ce masa tun yana tsotson yatsa nake awo, kuma ni ban taɓa koya masa busa usur ba. Yaran suka yi dariya. Ya ba ni haƙuri, bai sake tayar da maganar ba.

Wata takwas suna horo safe da yamma. Nakan je kallo, kuma duk na shiga filin sai na cire hula na miƙa hannu na kaɗa ragar zoben da ita, don jin daɗin aikina. Yaran nan sun ƙware. Su jefa daga nesa, ƙwallo ta shige ko ƙarfe ba ta taɓa ba. Nasiruddeen ya yi tsalle ya dankara ta ciki da hannu biyu, har manoma na ajiye fartanya su zo kallo.

Sai aka tafi Jos wasan neman komawa babban rukuni. Na bi motar Alhaji.

Abin da na gani ban taɓa gani ba. Jifa ta farko ta bugi bakin zobe ta dawo. Ta biyu haka. Ta goma haka. Ba hagu ba, ba dama ba, duk a gaba, kamar an yi wa zoben murfi. Nasiruddeen ya samu fili shi kaɗai ya tashi sama, ƙwallon ta maƙale a bakin ƙarfe, ya faɗo ta baya. 'Yan kallo suka fashe da dariya. Ya zauna yana kallon hannayensa kamar na aro. Aka tashi tamanin da ɗaya da talatin da huɗu.

Da mutane suka watse na shiga filin. Ban yi niyyar komai ba, hannu ne ya saba. Na cire hula na miƙa. Hular ba ta kai ragar ba. Na yi ɗage, da ƙyar ta shafe ta.

A hanya Alhaji ya ce ranar Litinin zai sallami Akinwale, yaran kuma kowa ya koma gidan ubansa, an yaudare shi da 'yan wasan gona.

Lahadi da hantsi na hau babur zuwa Miri da tef da tsani. Na auna sau uku. Ƙafa tara da inci bakwai. Kankaren ya cinye inci biyar, ni kuma ban sake awo ba, wanda ya nemi a sake na rufe masa baki. Babu wanda ya sani. Da zan tuge turakun in ce tsatsa ce, shi ke nan.

Litinin na same su a shagon Alhaji, Akinwale a tsaye, usur ɗinsa a kan buhun masara. Na ajiye tef ɗin kusa da shi.

"Alhaji, yaran nan ba su da laifi, Koci ma haka. Wata takwas suna jifa a gajeren zobe. Aikina ne."

Alhaji ya sa na maimaita. Ya tambayi Akinwale ko inci biyar na iya yin wannan ɓarna, Akinwale ya ce inci biyu ma sun isa. Alhaji ya ɗauki usur ɗin ya miƙa masa, ya ce shekara ɗaya ya ƙara masa, ba ƙari. Ni kuwa ya ce aikin ƙofofin sabon sitonsa wani zai ba.

A ranar na yanke turakun na ƙara musu ƙarfe. Da na gama, Akinwale ya miƙo hannu. Na ba shi tef ɗin. Ya hau, ni na riƙe masa tsani a gaban yaran.

"Goma," ya ce. "Nasiru, zo ka gwada."

Nasiruddeen ya ja da baya ya taso. Ƙwallon ta bugi bakin zobe ta gangara cikin dawa. Akinwale ya ce ya je ya ɗauko, ya sake.