Roba-robar Lubabatu

Lubabatu ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti da ke gefen garin Kaura Namoda. Ta haura shekara arba'in a duniya ba ta taɓa riƙe kan babur ba. Hawa dai ta sha, a bayan 'yan kabu-kabu, jakar aikinta a cinya, tana yi musu faɗa su rage gudu. A ganinta babur abu ne da wani ke tuƙawa kai kana addu'a.

Wata ƙungiya mai kula da lafiyar mata masu jego ce ta kawo wa asibitin sabon babur, irin na matan nan da ake kira roba-roba, shuɗi, kujerarsa ko ledar ba a cire ba. Shugaban asibitin, Malam Isah, ya kira ta ya ce nata ne, don ta riƙa zagaya matan da suka haihu a gida. Sai dai ƙungiyar ta kafa sharaɗi: ba za a miƙa makulli ba sai an ga lasisi. Ta tambaye shi ina ake koyo. Ya buɗe baki zai ba ta amsa, sai ya rufe, ya sosa ƙeya. Ya ce shi dai bai san wani ya koya masa ba, ya tashi ne ya ga yana hawa. Aka tura babur ɗin cikin sito aka kulle.

Da yamma ta kai maganar gaban mijinta, Namadi, wanda ke fataucin hatsi tsakanin Kaura da kasuwar Moriki. Bai hana ba. Ya ma yi murna, ya fito da nasa babur tsakar gida ya fara bayani: nan kulochi, nan giya, ki matsa wannan ki taka wancan, ki saki a hankali. Ta bar shi ya kai aya, sannan ta ce ita fa wanda aka ba ta ta duba shi da kyau, babu abin takawa ko ɗaya, ƙafafu wuri guda ake ajiye su kamar mai zaune a kan benci.

"To ina giyar take?" in ji shi.

"Ni ma abin da nike tambayarka ke nan, Baban Anisa."

Ya juya yana kallon babur ɗinsa kamar yau ya fara ganinsa. Daga ƙarshe ya ce wannan sai masu makaranta.

Makarantar koyon tuƙi ɗaya ta sani a garin, kusa da tashar mota. Ta same ta, shago ne ɗan ƙarami da wata tsohuwar mota a ƙofa. Mai makarantar, wani mutum mai suna Friday, ya saurare ta da ladabi, ya ce su mota suke koyarwa, amma kada ta damu, wanda ya iya mota babur ba komai ba ne a wurinsa. Ta ce ai mota ƙafa huɗu gare ta, ba ta faɗuwa in an tsaya. Ya amince da hakan. Ya ce duk da haka ta fara da mota, ta san hanya, ta san hannu. Ta tambaye shi ko shi ya iya roba-roba, ya ce bai taɓa gwadawa ba. Ta yi masa godiya ta fito, kanta ya fi ɗaurewa fiye da yadda ta shiga.

A bakin tashar akwai inuwar da 'yan kabu-kabu ke jiran fasinja, kuma yawancinsu sun san ta, don ta karɓi haihuwar matan wasunsu. Da ta faɗi abin da take nema sai suka yi mata caa. Wani ya ce sirrin babur ɗaya ne, kada ta kuskura ta taɓa birkin gaba. Na kusa da shi ya ce ƙarya ne, birkin baya ne ke kayar da mutum a yashi. Wani ya ce ta fara da keke. Wani ya ce keke zai ɓata mata hannu. Aka bar ta tsaye aka koma gardama, har ta fara tunanin ko sun manta da ita. Can wani dattijo a cikinsu ya ja ta gefe ya ce in makarantar babur take nema ta gaske, akwai ta a Shinkafi, wurin wani Armiya'u, mutane da dama sun fito daga hannunsa suna cin abinci.

Zuwa Shinkafi ba abin wasa ba ne a wannan zamani. Ba a kama hanyar sai rana ta ɗaga, kuma direbobi sun fi so su jeru su tafi tare. Namadi ya ce ta bari sai ranar kasuwa, lokacin da motoci ke da yawa. Kafin ranar ta zo, labari ya riga ya yi ƙafa. Mahaifiyarta ta kira ta daga Zurmi, muryarta a sanyaye, ta ce an gaya mata wai ta bar aikin asibiti za ta shiga kabu-kabu, ko Namadi ne ya kasa riƙe gida? Lubabatu ta yi ta bayani, ƙungiya, masu jego, lasisi. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To, Allah shi kyauta. Amma mata kaɗai za ki riƙa ɗauka ko?" Lubabatu ta ce, "Awo, Inna," don ta rasa ta inda za ta sake farawa.

Ranar kasuwa ta isa Shinkafi lafiya, ta yi tambaya aka nuna mata rumfar Armiya'u. Babura ne birjik, wasu babu taya, wasu an kwance musu ciki, ƙasa ta yi baƙi da mai. Armiya'u gajeren mutum ne mai furfura a gemu. Ta gaishe shi ta ce daga Kaura take, ta zo koyon babur. Ya dube ta sama da ƙasa, ya ce shi bai taɓa karɓar mace ba, amma zamani ya canza, kuma wanda ya taso tun daga Kaura a wannan hanya da gaske yake. Ya ba ta wani buhu ta shimfiɗa ta zauna, ya miƙa mata sifana.

Ta ɗauka haka ake farawa. Ai ko su a makarantar ungozoma sai da suka san sassan jiki kafin a bar su su taɓa mai naƙuda. Ya nuna mata yadda ake kwance fulogi, ta kwance. Ya nuna mata yadda ake goge shi da yadda ake gane wanda ya ƙone, ta goge. Ya sa ta juye baƙin mai a wani gwangwani, rabi ya zube mata a hijabi. Ya yaba da hannunta, ya ce ba ta rawar jiki. Har aka kira azahar suna nan. Bayan salla ya kawo mata sarƙa a cikin kwanon kananzir ya ce ta wanke. A nan ne ta yi ƙarfin hali ta tambaye shi yaushe za ta hau.

"Ki hau mi?"

"Babur ɗin."

"Ki tai ina?"

Suka tsaya suna kallon juna, kananzir na ɗiga daga yatsunta. Da ta warware masa zancen daga farko, Armiya'u ya zauna a kan wata taya ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na girgiza. Ya ba ta haƙuri ya fi a ƙirga. Ya ce shi gyara yake koyarwa, kuma a iya saninsa daga Shinkafi har Gusau bai ji inda ake tara mutane a koya musu hawa ba. Sai dai ya tuna da wata mata 'yar Kaura da ke saro manja tana kawowa nan, wadda ya taɓa ji tana cewa da roba-roba take raba kaya a gari. Felicia sunanta, shagonta yana wajen tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Ya ce ta neme ta, mace ce za ta san yadda mace ke zama a kan abin. Ya raka ta har mota, ya ce in babur ɗin ya taɓa ƙin tashi, ta fara duba fulogi.

Felicia, wadda kowa ke kira Maman Ebere, doguwa ce mai fara'a, ta daɗe a Kaura har Hausa ta kama bakinta, sai dai ta kama shi a karkace. Ta yi dariya da ta ji labarin Shinkafi, ta ce ita ma ba wanda ya koya mata, faɗuwa ce ta koya mata, amma ba ta so wata ta sha irin wannan karatu. Suka shirya su riƙa haɗuwa bayan la'asar a filin da ke bayan tashar jirgin, inda ciyawa ta cinye layin dogo.

Abu na farko da ta sa ta yi shi ne ta naɗe hijabinta ta cusa ƙarƙashin cinya, kada taya ta kama shi. Ta ɗora mata hular kwano a kan ɗankwali, hular ta zauna a karkace kamar ƙwarya. Sannan ta zaunar da ita a kan tata roba-robar ta nuna mata: hannun dama ke murɗa totur, yatsu ke jan birki, babu giya, babu kulochi, shi ke nan. Lubabatu ta ji kamar an sauke mata kaya. Ashe abin da aka yi ta juya ta a kai bai fi wannan ba.

Da injin ya tashi sai ta gane da sauran magana. Ta murɗa kaɗan, babur ya zabura, ta tsorata ta ƙanƙame kan babur don kada ta faɗi, ƙanƙamewar kuwa ta ƙara murɗa totur. Felicia na binta da gudu tana cewa ta saki. Ita kuma ba ta san me za ta saki ba, ta saki ƙafafu. Babur ya ratsa ta tsakiyar tumakin wani Bafulatani da ke kiwo a gefen filin, suka watse, ya je ya kwanta da ita a hankali cikin wani tudun yashi. Makiyayin ya zo ya taimaka aka ɗaga babur, ya tambaye ta da Hausarsa ta Fulani ko ta ji ciwo. Ta ce a'a. Ya kora tumakinsa can nesa, kuma duk ranar da ya hango su sun iso sai ya ƙara gaba tun kafin a tada inji.

Sai kuma rikicin dama da hagu. Felicia takan tsaya a gabanta tana fuskantarta, ta ce ta yi dama, tana nuna damarta ita, wadda ita ce hagun Lubabatu. In ta bi baki ta saɓa wa hannu, in ta bi hannu ta saɓa wa baki. Suka yi ta haka har wata rana Felicia ta gaji ta ce a bar dama da hagu, daga yau akwai wajen jirgi akwai wajen masallaci. Da wannan aka samu zaman lafiya. Sannu a hankali Lubabatu ta iya tashi ba fizga, ta iya tsayawa ba tare da ta rufe ido ba. Juyawa wajen jirgi, wato hagunta, ta zo mata da sauƙi. Juyawa wajen masallaci kuwa, wato damarta, ta ƙi, kullum sai ta sa ƙafa a ƙasa. Wani lokaci takan hango Namadi can ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya a kan babur ɗinsa, yana yi kamar waya yake dubawa. A gida bai taɓa ta da zancen ba, sai dai ya sayo man zafi ya ajiye mata a kan tabarma.

Da Felicia ta ce ta isa, Namadi ya raka ta Gusau neman lasisi. Ta kwana biyu tana bitar birki da totur a zuci, tana fargabar a ce ta juya dama a gaban mutane. A ofishin aka tura su wannan taga, aka ce ba nan ba ce, waccan ce, a waccan aka ce mai wurin ya fita. Da ya dawo ya tambaye ta ko lasisin mota take so. Ta ce na babur. Ya sake tambaya, ta sake faɗa. Ya kira abokin aikinsa suka yi shawara a kan ko roba-roba babur ne. Suka yanke cewa babur ne. Aka ɗauki hotonta da zanen yatsunta, aka nuna mata wasu alamomin hanya ta faɗi waɗanda ta sani, sannan aka fita da ita harabar aka ce ta zagaya sau ɗaya da wata roba-roba ta wata ma'aikaciya. Harabar ta zo daidai, zagayen duk wajen hagu ne. Aka ba ta takardar wucin gadi aka ce katin zai fito daga baya. A mota tana ta juya takardar, ta kasa gane ko ta ci jarrabawa ne ko ba a yi ba tukuna.

Malam Isah ya karɓi takardar ya buɗe sito ya ba ta makulli. Aikinta na farko wata mai jego ce, Murja, a wata unguwa mai lunguna, wadda jaririnta ya ƙi kama nono. Lubabatu ta ɗaure jakarta a baya ta kama hanya, yara na binta da ido, wata tsohuwa ta tsaya da tulu a kai har ta wuce. Lungun gidan su Murja yana hannun dama. Ta rage gudu, ta dube shi, ta wuce. Ta je gaba ta yi hagu, ta sake yin hagu, ta sake, ta ɓullo tana fuskantar bakin lungun, ta miƙe ta shiga ta tsaya daidai ƙofar gidan.

Mijin Murja, wanda ya ga wucewarta, ya ce ya ɗauka ta manta gidan ne. Ta ce ba ta manta ba. Ta sauka, ta laluba da ƙafa tana neman ƙarfen da ake kafe babur da shi, ta rasa inda wannan sabon ya ɓoye nasa. Jaririn na ta tsala kuka a ciki. Ta jingina babur ɗin da katanga, ta ce wa mutumin ya riƙe mata shi kada ya zame, ta kwance jakarta ta yi sallama ta shiga.